Saloma, Wadda Ba Ta Toshe Hanci Ba

Tun kafin masu kayan miya su shimfiɗa buhunansu a kasuwar Zuru, Saloma ta riga ta ja ruwa a rijiyar da ke bayan ɗan ɗakin shan magani na gefen gari. Takan hura wuta a murhu, ta ɗora rabin duro, ta cika shi fal. Kafin ruwan ya tafasa sai ta shiga ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, mai jin Hausa da Hausa, ɗan yarensu da yarensu, sannan ta durƙusa ta jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Ta kai masai ta zubar, ta goge kwanon da toka, ta ɗauraye. Ta dawo ta zare zannuwan da aka ɓata, ta kai su cikin tafasasshen ruwan nan tana juyawa da sanda kamar mai tuƙa tuwo. In hantsi ya yi, igiyar shanya ta cika, sai ta dama kunu ta bi waɗanda ba su da mai jinya. Da yamma in ta biyo ta bakin kasuwa za ta gida, masu tallar abinci kan ɗan janye farantansu, domin hannun Saloma, ko sau nawa ta wanke shi da sabulu, a wurinsu hannun ƙazanta ne.

Haka ta yi shekara da shekaru. Ran Lahadi ma sai ta gama wankin take wucewa coci, ta zauna can bencin baya.

A watan da ya wuce aka ce mata shekarunta sun kai, ta je ta huta. Ba a kafa rumfa ba, ba a tara kowa ba, ko zakara ba a yanka ba. Malam Haladu, malamin asibitin da suka yi aiki tare tun gashinsa na baƙi, shi kaɗai ya rako ta bakin hanya, riƙe da ƙullin kayanta. Garin da ke iya kiran makaɗa don wani ya sayi sabon babur ya kasa samun mutum biyu da za su ce wa matar nan sannu. Shi ya sa ake rubuta wannan, kuma ba da sanyin rai ake rubuta shi ba.

Ga wanda bai san ta ba, Saloma 'yar Dabai ce. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta shigo gari da uwarta Keziah da ɗanta guda namiji. Ɗan ya girma ya shiga soja, kamar yadda samarin ƙasar nan da yawa suke yi, ya tafi yaƙin basasa, bai dawo ba. Ba ta yi boko ba. A wurin aiki sunan matsayinta mai shara. Abin da ta yi a tsawon aikinta ba zai faɗu a zama ɗaya ba, don haka bari a ɗauki sanyin shekarar 1974 kawai, wanda duk mai hankali a garin nan yake tunawa, ko da yake da yawa sun fi son a bar zancen.

An kai dawa rumbu, mutane na da sukuni, sai Alhaji Bello, babban mai sayen hatsi, ya yi wa ɗansa aure. Unguwa duk ta ci ta sha. Ba wanda ya san ta inda abin ya shiga, ko ta hannun mai rabon abinci, ko ta randar da kowa ya tsoma moɗa a ciki. Ba a daɗe ba sai amai ya ɓarke gida gida, irin aman da ba ya sallama, mutum na tsaye yana magana sai ka ga ya kelaya shi. Ga gudawa kamar ruwa, ga murɗar ciki. Wanda ya goge na wani yau, gobe shi ne a kwance.

Gari ya ruɗe, domin ba a manta da kwalarar da ta ratsa ƙasa 'yan shekaru kafin nan ba. Malam Haladu ya aika sama, aka turo wani jami'i a mota. Ya duba, ya yi tambayoyi, ya ce ba kwalara ba ce, ciwo ne da ke wucewa da kansa, a sha ruwa a kwanta. Ya shiga motarsa ya koma.

Gaskiya ya faɗa, ba kwalara ba ce. Samari da 'yan mata da magidanta sun yi kwana biyu ko uku suna fama, suka miƙe, suka koma kasuwa suna yi wa juna tsiya. Har suna aka raɗa masa, ciwon walima. A teburin mai shayi ana kwaikwayon yadda wane ya yi gudun masai riƙe da tazuge, ana ta dariya.

Ana wannan dariyar ne tsofaffi suka fara mutuwa a ɗakunan baya.

Abin da ya kwantar da saurayi kwana biyu, shi ke ɗaukar tsoho gaba ɗaya. Jikin tsoho ba shi da ajiyar ruwa, kuma ƙishirwa ba ta kiransa da ƙarfi kamar yadda take kiran yaro. In ya yunƙura zai je masai jiri ya kwashe shi, ya faɗi, wani ƙashin ya karye. Ga kuma kunya. Dattijon da bai taɓa bari surukarsa ta ga kansa ba hula ba, ya ga ya ɓata shimfiɗa a gabanta, sai ya daina shan ruwa don kada abin ya sake zuwa. Ya juya fuska bango ya yi shiru. Mutanen gida su ce ai ya samu sauƙi, ya yi barci. Harshe ya bushe, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe. In ya cika a ce tsufa ne, kwana ya ƙare.

Kwana na ƙarewa, ba mai musun wannan. Amma a sanyin nan an jingina wa tsufa gawarwakin da ƙyama ce ta kashe su, da ganda, da rashin wanda zai zauna kusa da su da kofin ruwa.

Waɗanda aka yi wa adalcin kawowa ɗakin shan magani sun cika gadaje har aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Kwalaben ƙarin ruwa da ke akwai suka ƙare tun a farkon lamarin. Malam Haladu ya kira Saloma gefe, idonsa ja wur don rashin hutu. Ya ce mata ya ji likitocin ƙasashen waje sun gano ƙwayar da ke kawo irin wannan aman na lokacin sanyi, amma ba allurar da ke kashe ta, ba ƙwayar haɗiya.

"Abin da ya rage mana cokali ne, Saloma," in ji shi. "Ki tafasa ruwa, in ya huce ki sa ɗan gishiri da sukari yadda zan nuna miki. Cokali ɗaya, ki jira, ki ƙara. In ya amayar ki ɗan dakata, ki sake farawa. Kuma duk wanda kika taɓa, ki wanke hannu kafin ki taɓa wani."

"To Malam, wa zai riƙe cokalin? Ga su nan sun fi hannuna yawa."

"'Yan uwansu."

Saloma ta dubi barandar. Tsofaffi ne jere, kusa da kowanne an aje ƙwarya ko buta, amma masu su sun tafi. Ta je ta ƙara itace a murhu.

Cikin waɗanda aka kawo har da Inna Aishatu, mahaifiyar Alhaji Bello mai walima. A kura barorinsa suka turo ta, kura irin wadda ake ɗaukar buhunan dawa, an rufe ta da bargo mai tsada. Shi kuwa ya biyo baya, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya danna hankici a hanci. Masu jiran magani da yawa sun ga wannan, kuma sun ji abin da ya biyo baya. Saloma ta sauko da tsohuwar, ta kai ta bayan labule ta wanke ta tas da ruwan ɗumi, ta ɗaura mata busasshen zane, sannan ta fito wurin ɗan.

"Alhaji, sannu da zuwa. Inna tana son mutum kusa da ita. A turo mana ko mace ɗaya daga gida, ta riƙa ba ta ruwa."

"Ke baiwar Allah, wanga ba aikinku na ba? Mi aka aje ku nan ku yi?"

"Aikinmu ne, Alhaji, amma ka ga yawansu. In na bar ta na je kan wani, ba mai ba ta."

"Matan gida yanzu sunka tashi daga ciwon ga, in sake turo su cikin wari? Tsufa na ka damun Inna, ba wani abu ba. In akwai abin da za a saye, a hwaɗa mani."

"Ba abin saye ba ne. Kai ma in ka zauna ka iya. Cokali ne kawai."

Ya dube ta sama da ƙasa, kamar ta zage shi. Ya ce da barorin su juya kura, ya tafi.

Ke ce, Saloma, kika koma ciki kika zauna a ƙasa tsakanin tabarmi biyu, cokali a wannan hannu, tsumma a wancan. Ke ce kika koyi yadda ake yi wa dattijo wanka ba tare da ya ga idonki ba, kina yi masa hirar damina da farashin gero don kunya ta sake shi ya sha ruwa. Malam Haladu ya ce akwai tsohon da ya ƙulle baki ya rantse ba zai sha ba, kika ce masa, "Baba, ka ɓata sau goma in wanke sau goma, wankin ba ya yi mini nauyi, kai dai sha." Ya sha, kuma yana nan da ransa a Ribah, jikokinsa na hawa masa wuya.

Ana cikin wannan, wata safiya Saloma ta shiga kasuwa neman sukari, ta ga shagon Baba Cyprian a rufe. Baba Cyprian dattijo ne daga kudu, mai sayar da fitilu da kwanuka. Ya yi zamansa a Zuru tun kafin rikicin da ya kai ga yaƙin basasa, ya gudu lokacin da kowa nasu ya gudu, bayan yaƙi ya dawo shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya, bai kuma taɓa gaya wa kowa inda suka shiga ba. A bayan shagon yake kwana. Ta tambayi masu shagunan da ke kusa, suka ce rabonsu da shi tun shekaranjiya, sun dai ji kakarin amai ta bango. Sun ji, da kunnensu, suka ci gaba da ciniki.

Ta buga ƙofa, shiru. Ta ari taɓarya wurin wata mai dakan hatsi ta ɓalle sakatar. Warin da ya fito ya kori na kusa. Ta same shi a ƙasa tsakanin katan-katan, leɓensa ya tsage, bai san inda yake ba, yana kiranta da sunan wata mace. Ta fito ta nemi kura, masu kura suka ce ba za a ɓata musu abin neman abinci ba. Ta nemi maza biyu su kama mata, kowa ya sami abin dubawa a wani gefen.

Sai ta kwance gyalenta, ta durƙusa, ta jawo tsohon nan ta goya shi kamar jariri, ta ɗaure. Mace mai shekara hamsin da wani abu, goye da namiji, ƙazantarsa na bin bayanta, ta ratsa tsakiyar kasuwar Zuru da rana tsaka. Mutane suka dare. A wajen rumfar mahauta wani ya ɗaga murya, kuma an san ko wane ne, albarkacin 'ya'yansa ne ba za a ambaci sunansa a nan ba.

"Saloma, kin manta su wa sunka kashe maki ɗa?"

Ta tsaya, tana haki. Ta juyo da nauyin da ke bayanta gaba ɗaya har ta fuskanci mutumin.

"Ban manta da ɗana ba," ta ce. "Ban san inda ya faɗi ba. Kullum ina roƙon Allah ya sa wata ta ɗauke shi daga ƙasa. Matsa mini in wuce."

Ya matsa. Amma ko bayan wannan magana ba a sami namiji ɗaya da ya ce kawo in karɓe ki ba. Ita kaɗai ta kai shi, ta sauke shi a baranda.

Baba Cyprian ya sha wuya. Duk abin da aka ba shi sai ya dawo. Saloma ta riƙa jiƙa tsumma tana ɗiga masa a harshe kafin cikinsa ya karɓi cokali. Da hankalinsa ya dawo ya gane wadda ke kansa, da abin da ta yi, sai ya rufe fuska da hannu.

"Mama, don me?" ya ce da irin Hausarsa. "Ni ba kowa naki ba."

"Buɗe baki, Baba. Magana sai ka warke."

Ya warke. Shagonsa na nan a buɗe, duk mai shakka ya je ya tambaye shi.

Inna Aishatu kuwa ba ta tashi ba. An kawo ta a makare, kuma Saloma ba ta iya rabuwa gida goma. Duk sanda ta dawo kanta sai tsohuwar ta kama bakin zanenta ta ce, "Ɗiyata, Bello ya zo?" Saloma ba ta iya ƙarya ba, sai ta ce, "Sha wannan tukuna, Inna." An aika gidan ba sau ɗaya ba, amsa ɗaya ce, Alhaji na wajen awo, zai zo. Da la'asar ɗin wata Laraba ta cika, kanta a cinyar matar da ɗanta ya raina. Saloma, Kirista, ita ta kira wata tsohuwa Musulma daga tabarmar kusa ta ce ta zo ta yi mata abin da ake yi wa mai barin duniya a addininsu, ita kuma ta riƙe hannun.

Sai ga jana'iza ta cika unguwa. Motoci har daga Sakaba. Alhaji Bello na zaune a kan darduma yana share hawaye da hankici, ana layi ana yi masa ta'aziyya, ana cewa Allah ya saka masa da irin riƙon da ya yi wa uwa. Aka dafa shinkafar sadaka tukunya tukunya. Ruwan da aka kwarara a wanke tukwanen nan kaɗai, da an ba tsohuwar cokali cokali tun a gida, wa ya sani. Ba wanda ya aika wa Saloma ko da gaisuwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da da sauƙi.

Wanda ya kwana ya wuni cikin abin nan ba ya tsira, komai wanke hannunsa. Saloma na tsaye gaban duro tana juya wanki sai aman ya zo mata. Malam Haladu ya ce ta kwanta nan, ta duba ta ga ba tabarmar da ba kowa, kuma a ganinta bai dace ta tare wurin wani tsoho ba. Ta lallaɓa ta tafi gida da niyyar ta kulle kanta a ɗaki. Ta gaya wa uwarta daga bakin ƙofa, da yarensu, cewa kada ta shigo, ta aje mata ruwa a waje kawai.

Keziah ta haura tamanin a lokacin, ga ta 'yar ƙarama kamar a hure ta. Ta tura ƙofar da sandarta ta shigo.

"Kin wanke iyayen mutane duk garin nan," ta ce, "ni kuma in zauna a waje ina jin ɗiyata na kakari? Ɗaga kanki."

Keziah ta yi jinyar ɗiyarta kamar yadda ta yi mata tana jaririya. Saloma ta miƙe. Ranar da ta iya cin tuwo, ranar Keziah ta kwanta. Duk abin da Saloma ta iya ta yi, cokali, tsumma, ruwan ɗumi, addu'a. Malam Haladu ya rufe ɗakin magani ya zo da kansa a keke, ya duba, ya fita waje ya tsaya ya daɗe bai dawo ba. Jikin ya yi ƙanƙanta da yawa, ba abin da zai riƙe. Keziah ta rasu da hantsi, a ɗakin da ta hana a rufe mata.

To ku ji abin da maƙwabta suka ce. Ba su ce matar nan ta rasa uwarta a garin ceton namu ba. Cewa suka yi ita ta kwaso mutuwa ta kawo gida, kwaɗayin aikin gwamnati ya sa ta kashe uwarta. A zaman makoki wasu mata suka ƙi shan ruwan randarta. Waɗansunsu kuwa iyayensu na raye a ranar saboda ita. Wane irin ƙirji ne mutum zai ɗauka ya iya faɗin wannan? Saloma ta ji komai, domin ba a ɓoye aka faɗa ba. Aka kai Keziah Dabai aka binne kusa da danginta.

Malam Haladu ya ɗauka ba za ta dawo ba, kuma ya ce da bai ga laifinta ba. Bayan an tashi daga makoki ya iso aiki da safe ya tarar da hayaƙi na tashi a bayan ɗaki, duro a kan wuta, Saloma na jan guga.

"Da kin ƙara hutawa," ya ce.

"Akwai sauran mutane a baranda, Malam?"

"Akwai."

"To."

Ciwon ya lafa da kansa kafin zafi ya shigo, kamar yadda jami'in ya ce. Ba wanda ya ƙirga tsofaffin da ya tafi da su, domin ba kwalara ba ce, kuma su ba yara ba ne. Amma ya riƙa dawowa, wata shekarar kaɗan, wata shekarar da yawa, kuma kullum tsofaffi yake zaɓa. Tun daga wannan shekara Saloma ta ɗauki wata ɗabi'a da ba wanda ya sa ta, ba ta kuma cikin aikinta. Da ta ji an ce amai ya shiga wani gida, in ta tashi aiki sai ta bi. Ta yi sallama, a ce mata ai yara sun warke, ta ce, "Madalla. Ina tsohuwar gidan?" Ba ta tafiya sai an kai ta ɗakin baya. Ta taɓa harshe, ta ja fatar hannu ta gani, ta hura wuta, ta zaunar da surukar gidan ko jikar ta danƙa mata cokali, ta tsaya a kanta sai ta ga hannun ya saba. An kore ta a wasu gidajen. An ce mata mai shisshigi, an ce mai neman suna. Wani magidanci ya taɓa sakar mata kare. Washegari ta koma, ta tarar da matarsa na jiranta a bakin ƙofar baya.

Ke ce wannan, Saloma ta Dabai, 'yar Keziah, ɗiyar waɗanda 'ya'yansu suka gudu. Ba ki da farar riga, ba a taɓa kiranki gaban taro ba. Kin rasa ɗa, kika goyi wanda aka ce miki maƙiyi ne. Kin rasa uwa, kika koma kan iyayen waɗanda suka zage ki. Mun gode. Allah ya saka miki, ya jiƙan Keziah, ya ba ki lafiyar cin hutun da kika daɗe da cancanta. Waɗanda kika tayar sun gode, waɗanda suka cika a hannunki ma, da za su iya magana, da sun ce sun tafi da tsabta da mutuncinsu.

Ku kuma mutanen gari, ba a ce ku gina mata gida ba, ba a ce ku kira maroƙa ba. Abin da ta yi ba ya bukatar takardar makaranta. In amai da gudawa suka shiga gidanku, kada ku tsaya kan yaran da za su miƙe jibi. Ku shiga ɗakin baya. Ku tafasa ruwa, ku zauna a ƙasa, ku ba da cokali ɗaya ku jira ku ƙara. Ku wanke shimfiɗa da ruwan zafi, ku wanke hannu da sabulu, in jiki ya ƙi ku ɗauki tsohonku da kanku ku kai shi wurin magani tun da sauran ƙarfi, ku kuma zauna tare da shi. Wanda ya wanke ku kuna jarirai bai taɓa cewa aikin wani ne ba.

Kuma ku san wannan. Saloma ta koma Dabai, ɗaki ɗaya a gefen gidan ɗan ƙaninta. Gashinta ya yi fari, gwiwoyinta sun fara ƙi, ta shiga shekarun da ciwon nan yake nema. Sanyi na tafe. In aka wayi gari ƙofarta ba ta buɗe ba, ba wata Saloma da za ta zo da taɓarya. Sai dai ɗayanku.